Hajjo Mai Kitso da Dutsen da Ke Raba Ruwa

A Wheaton, wani gari kusa da Washington a Amurka, idan mace ta ce za ta wurin Hajjo, an san kitso za ta yi. Shagon yana ƙarƙashin wani gini, bayan kantin da ake sayar da garin rogo da busasshen kifi. Sai an sauka matakala ake samunsa, kuma ba shi da taga ko ɗaya. Nan Hajjo ta yi shekaru tana tsaye a bayan kawunan mata, 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Habasha da baƙaƙen Amurka. Sun san hannunta ba ya zafi, sun san ba ta da surutu. Sun kuma san cewa daga watan Agusta zuwa Oktoba ba a cika samunta ran Talata ba. Idan an tambayi yaran shagon, sai su ce ta tafi dutse.

A Dogondutsi aka haife ta, a ƙasar Nijar, a wani gida da ƙofarsa ke kallon dutsen da garin ya ci sunansa. Tana yarinya takan hau da ƙawayenta neman itace ko biɗar awakin da suka ƙi dawowa. Daga can sama ana ganin gonakin gero har inda ido ya gaji, kuma da damina ana ganin hadari tun yana haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, yana jan ruwa a ƙarƙashinsa kamar gezar zane. Sai su sauko a guje su gaya wa iyayensu mata a kwashe shanya.

A 2003 ta iso Maryland da 'yarta Hairat a goye, ta tarar da mijinta Boubacar, wanda ya riga ta zuwa da 'yan shekaru. A gida direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma. A nan kuma tasi yake ja tsakanin filayen jirgin sama da otal-otal na Washington. Mutum ne dogo, mai barkwanci, mai son a ce masa ya san hanya.

Hajjo ba ta sha wahalar sanyi kamar yadda aka tsoratar da ita ba. Abin da ya dame ta wani abu ne da ta kasa yi wa kowa bayani. Ko'ina ta juya itatuwa ne da gine-gine. A kan babbar hanya itatuwa sun yi bango dama da hagu, a tagar ɗakinsu itace ne, a tashar bas itace ne. Ba ta taɓa ganin inda sama ta haɗu da ƙasa ba. Ruwa kuma sai dai ya sauko mata a ka, ba ta ga tahowarsa ba; a talabijin ake jin labarinsa. Da zafi ya shigo, iska ta yi nauyi da laima, sai ta riƙa jin kamar an kife ta da ƙwarya.

Wata rana cikin Agustan 2006 tana yi wa Pauline kitso. Pauline ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, ta girme ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, kuma ita kaɗai ce cikin masu zuwa shagon take iya sa Hajjo hira.

"Maman Hairat, yau kin yi shiru da yawa," in ji Pauline. "Ko jikin ne?"

"Lafiya lau, Sista. Wanga gari ne dai. Mutum ba ya ganin nesa."

Pauline ta ɗago kai har kitson ya kusa kuɓucewa. Ta ce ita ma haka ta yi fama da farko, don a Jos ta saba da duwatsu da sarari da iska mai sanyi. Ta ce abokan aikinta ne suka kai ta wani wuri a jihar West Virginia, ana ce masa Dolly Sods, tun daga ranar take komawa duk shekara tsinkar 'ya'yan itace.

"Talata mai zuwa ba ni da aiki. Ki zo mu je. Ki ɗauko rigar sanyi."

"Rigar sanyi cikin Agusta?"

"Ki dai ɗauko."

Sun tashi da sassafe a motar Pauline. Tafiyar ta fi awa uku. Suka bar cunkoson birni, suka ratsa gonaki da garken shanu, suka haye tsauni suka gangara, suka sake haye wani. A kwari na ƙarshe Hajjo ta lura ciyawa ta yi ja-ja, ƙasa ta bushe, har ta hango wani tsiro mai faɗin ganye da ƙaya a gefen hanya, irin wanda ba ya fitowa sai inda ruwa ya yi ƙaranci. A gabansu kuwa wani dogon dutse ne ya tare yamma gaba ɗaya, daga kudu har arewa, kamar ganuwa. Pauline ta ce shi ke tare gajimare. Ruwan yakan zube a bayansa da kansa, kaɗan ne ke tsallakowa wannan kwarin.

Kwalta ta ƙare, suka kama hanyar tsakuwa mai lanƙwasa. Kunnuwan Hajjo suka toshe, suka buɗe, suka sake toshewa. Itatuwa masu faɗin ganye suka fara gajarta. Pauline ta kashe na'urar sanyi ta sauke gilashi, iskar da ta shigo ta sa Hajjo ta lalubo rigar da ta ɗauko don kunya kawai. Sai hanyar ta miƙe, itatuwan suka ja da baya, motar ta fito fili.

Hajjo ta sauka ba ta rufe ƙofa ba. Saman dutsen ba tsini ba ne kamar yadda ta zata. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai tudu da gangare, ya lulluɓe da gajerun tsirrai iya gwiwa, da fararen duwatsu a warwatse kamar tumaki sun kwanta. Ta bi Pauline ta wata siririyar hanya zuwa bakin dutsen, inda manyan falaye suka tsaya a kan gaɓa. Iska da ruwa sun sassaƙe su, wasu sun yi rami kamar turmi, ruwa kwance a ciki. Daga nan ƙasa ta yanke. Kwarin da suka baro yana can ƙasa, gidaje kamar ƙwayar masara. Bayansa tsauni ne, bayan tsaunin wani tsauni, bayan wannan wani, kowanne ya fi na gabansa shuɗi da haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama.

Ta daɗe a tsaye. Bakinta yana motsi a hankali, tasbihi take yi. Pauline ta je ta fara tsinkar abin da ya kawo ta, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye masu kama da ɗinya, sai dai ba su kai ta girma ba.

Da Hajjo ta juyo sai ta lura da itatuwan. Ba su da yawa, tsaye suke ɗai-ɗai ko uku-uku, masu ganye kamar allura, irin waɗanda ake ƙawatawa da Kirsimeti. Amma kowanne rassansa gefe ɗaya suke. Ɓangaren yamma fayau yake kamar an aske, duk rassan sun miƙa gabas.

"Sista, wa ya sare su haka?"

"Ba wanda ya sare su. Iska ce. Daga yamma take zuwa, rani da damina, ba ta hutawa. Da hunturu tana tafe da ƙanƙara, duk tohon da ya fito ta wancan gefen sai ta kashe shi."

Pauline ta kuma nuna mata wani abu. Ta ce wannan gaɓar da suke tsaye a kai ita ke raba ruwan ƙasar. Wanda ya zuba ta gabas zai gangara ya shiga kogin Potomac, ya wuce ta Washington ya faɗa teku. Wanda ya zuba ta yamma, taku kaɗan daga nan, zai bi wasu koguna ya shiga kogin Mississippi, ya yi doguwar tafiya kudu, ya faɗa wani tekun daban. Hajjo ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin takalminta. Tsakuwa ce da gansakuka, ba alama, ba layi.

Wajen azahar hasken ya canza. Hajjo ta ɗaga kai daga tsinka ta dubi yamma, sai ta ga hadari. Yana can nesa a kan wasu tuddai, baƙi, ruwa yana zuba a ƙarƙashinsa, inuwarsa tana tafiya a kan filin tana cinye tudu bayan tudu. Rabonta da ganin tahowar ruwa tun tana gida.

"A garinmu daga gabas yake tasowa," ta ce. "Nan kuma daga yamma."

"Mu tafi mota, Maman Hairat. Nan ba wurin tsayawa ba ne idan ana tsawa."

Ta bi ta, amma tana tafe tana waiwaye. Kafin su kai, sanyi ya sauko kamar an buɗe firji, ruwan ya iso da ƙananan ƙanƙara yana dukan rufin motar. Ba a jima ba ya wuce, ya tsallake gaɓar, suna kallo ya yage ya watse a kan busasshen kwarin, rana ta fito.

Da ta koma gida ta ba Boubacar labari tana haɗa kalmomi da hannu. Ya ci 'ya'yan itacen, ya ce suna da daɗi, sannan ya yi dariya.

"Hajjo, ni da na kwana cikin duwatsun Ayar, na ratsa hamadar Tenere ba sau ɗaya ba, mi za a nuna mini? Dutsi ai dutsi ne."

Ba ta yi gardama ba. Bayan kwana biyu ta kawo masa shayi ta zauna.

"Malam, so nike ka koya mini tuƙi."

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya yi ta ja, yana cewa hanyoyin nan ba na wasa ba ne, amma daga baya ya ba da kai. Ran Lahadi da safe, kafin a buɗe manyan kantuna, sukan je filin ajiye motoci ya zauna a gefenta yana faɗa yana dariya. Ta faɗi jarrabawa sau ɗaya, ta ci a karo na biyu. Ranar da ta karɓo permi, wato lasin tuƙi, shi ya fi ta murna, ya yi ta buga waya Yamai yana ba da labari. Suka sayi wata tsohuwar mota ƙarama.

Daga nan ta fara sanin dutsen kamar yadda ake sanin maƙwabci. Wani lokaci da Pauline, wani lokaci ita kaɗai. Ta gane cewa abin da ake ciki a Wheaton ba ya gaya maka abin da za ka tarar a sama. Ta taɓa zuwa cikin Yuni, ana zufa a birni, ta tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa a cikin wani kwari. Ta ga ƙarshen Satumba, lokacin da gajerun tsirran nan suke rikiɗa su yi ja wur, filin gaba ɗaya kamar an shanya jan rini. Ta san ƙoramar da ke ratsa tsakiya, mai ruwa kalar shayi saboda ganyen da ya jiƙa a fadamun da take fitowa. Ta san fadamun ma, masu laushi kamar katifa, waɗanda ke haɗiye ƙafa har idon sawu. Ta koyi cewa daga bakin hanyar tsakuwa zuwa ciki, doka ta hana mota da keke da kowane inji. An bar wurin yadda yake, ko alamun hanya ba a cika sa wa ba, sai tsibin duwatsu da masu tafiya ke tarawa.

Wata safiya ta tarar da wasu tsofaffi sun kafa raga siririya a wata 'yar kafa da ke bakin gaɓar, suna kama tsuntsaye masu ƙaura, su sa musu zobe a ƙafa su sake su. Wata tsohuwa mai farin gashi, Olive, ta ga tana leƙe ta yafito ta. A lokacin Turancin Hajjo ya yi ƙwari. Olive ta sa mata wani ɗan tsuntsu a tafin hannu, ta nuna mata yadda za ta riƙe wuyansa tsakanin yatsu biyu. Bai fi ɗan yatsa tsawo ba, ba shi da nauyi ko kaɗan, sai bugun zuciyarsa da take ji kamar ana kaɗa ƙaramin kalangu. Olive ta ce daga dazukan arewa mai nisa ya taso, kuma zai bi ta kan teku har Kudancin Amurka. Hajjo ta buɗe hannu. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya faɗa cikin iska ya bi gaɓar ya yi kudu.

Olive ce ta gaya mata cewa da can wurin ba fili ba ne. Kurmi ne mai manyan itatuwa, wasu mutum uku ba sa iya zagaye su da hannu. Aka sare su kaf, aka kwashe da jirgin ƙasa, sannan gobara ta bi ta cinye har ƙasar da ke ƙarƙashi, ta bar dutse tsirara. Abin da ake gani yanzu shi ne abin da ya iya dawowa a hankali cikin wannan iska. Hajjo ta tuna gawo da kalgo da kakarta take cewa sun cika bayan garinsu, waɗanda ita ba ta tarar ba. Ranar ta koma gida jikinta a sanyaye.

Akwai wani tudu mai fararen duwatsu a ka, can yamma, wanda take hangowa duk zuwa. A Oktoban 2011 ta ce sai ta taka shi. Ita kaɗai ce, gari garau, ba gajimare ko ɗaya. Ta gangara ta tsallake ƙoramar, ta haura ta cikin jan filin, ta kai kafin azahar. Daga can ta ga wani kwari mai faɗi a yamma wanda ba ta taɓa gani ba, da tafkuna suna ƙyalli. Tana cikin kallo sai ta ga wani farin abu ya cika kwarin, yana hawowa. Ba hadari ba ne, ba tsawa, ba duhu. Gajimare ne da kansa yake tafe a ƙasa. Kafin ta ɗaure jakarta ya iso, ya shafe kwarin, ya shafe tudun da ke kusa, ya shafe dutsen da ta jingina a kai ɗazu.

Ta yi ƙoƙarin komawa ta inda ta zo, ta nemi tsibin duwatsun da ke nuna hanya ta rasa. Wayarta ba ta kama komai. Ta gane idan ta ci gaba da tafiya a haka za ta iya faɗawa fadama ko rami, sai ta nemi bayan wani falale inda iska ba ta bugu sosai, ta tsuguna. Ta yi taimama a jikin dutsen ta yi azahar a zaune, ba ta san inda alƙibla take ba.

Sanyin ya ƙaru. Tana nan zaune sai ta ga wani abu da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ba ruwa ake yi ba, ba dusar ƙanƙara ba, amma ciyawar da ke gabanta tana yin fari. Ta matsa ta duba. A jikin kowane kara, ta gefen da iska ke bugowa, ƙanƙara ce ke tsirowa siri-siri kamar gashin tsuntsu. Gajimaren ne yake daskarewa a jikin duk abin da ya taɓa. Ta dubi gezar mayafinta, ita ma ta fara. Tsoro yana cikinta, haƙoranta suna haɗuwa, amma ta kasa ɗauke ido.

Da ta ga zaman ba zai fisshe ta ba, ta miƙe. Wani itace ya bayyana a gabanta kamar inuwa, rassansa duk gefe guda. Motarta tana gabas. Ta bi inda rassan suka nuna har ta hango wani itacen, daga shi ta nemi na gaba. Inda ba itace sai ta sa iska a ƙeyarta. Ta faɗa fadama har gwiwa, ta fito, ta ci gaba. Can ta ji ƙarar ruwa, ta iske ƙoramar, ta bi gefenta har ta ga sawun takalma a laka. La'asar ta yi sanyi kafin ta kai mota, yatsunta ba sa iya riƙe makulli sai da ta hura musu iska.

Boubacar bai yi faɗa ba da ya ji. Ya dubi takalmanta da zanenta.

"A hamada ba mu tafiya da mota guda," ya ce. "Ko wanda ya fi kowa sanin hanya ba ya yi. Kada ki sake shiga ciki ke ɗaya."

"To, Malam."

Ba ta sake ba. Idan ba Pauline, takan tsaya a bakin gaɓa kusa da mota.

A 2014 Boubacar ya faɗi a wurin jiran fasinja. Hawan jini ne, ya bar shi da shanyewar ɓarin jiki na hagu. Ya yi makonni a asibiti, ya fito yana jan ƙafa, hannun a lanƙwashe, maganarsa da nauyi. Aka mayar da tasin. Hajjo ce ta koma mai kai shi wurin gashi da motsa jiki, ta kai Hairat makaranta, ta wuce shago. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma zaman kujera a gaban taga. Abokansa direbobi suna zuwa gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Barkwancin ya tafi. Idan suna cikin mota ba ya ko gyara mata tuƙi, kansa a sunkuye. Shekara ta zagayo Hajjo ba ta je dutse ba, ba ta kuma ambace shi ba.

Wata Litinin cikin kakar 2015 ta dawo daga shago ta same shi inda ta bar shi.

"Malam, gobe ka raka ni."

"Ina?"

"Dutsi. Kai ka ce kada in tafi ni ɗaya. Sista tana aiki."

"Mi zan yi miki a can da wagga ƙafa?"

"Zama za ka yi. Nan ma zaman kake."

Ya kalle ta, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Washegari bayan sallar asuba ta sa masa riguna biyu da hula, ta ɗauki sandarsa da bargo da filas na shayi.

Tun daga tsaunin farko suka shiga farin hazo, har ta kunna fitilu. A kwarin ƙarshe ba a ganin komai, ta fara tunanin ta wahalar da shi a banza. Suka kama hanyar tsakuwa cikin wannan fari. Sai wajen ƙarshen hawan hazon ya fara haske, ya yi rawaya, motar ta huda shi ta fito cikin rana.

Daren ya bar ƙanƙara a kan komai. Jan filin ya yi fari-fari, kowane itace yana walƙiya. Ta kama shi ta gefen hagu, sanda a damansa, suka bi 'yar hanyar a hankali, suna tsayawa yana hutawa. Ya tsaya gaban wani itace ya dube shi daga sama har ƙasa, gefe guda cike da rassa, gefe guda ba komai.

"Ashe ina da dangi a nan," ya ce.

Hajjo ta yi dariya har ta kusa sakinsa. Rabon da ya yi irin wannan magana tun kafin ya faɗi.

Ta shimfiɗa bargo a kan wani falale ta zaunar da shi. A gabansu babu kwari, babu gidaje, babu hanya. Gajimare ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunsu, fari fat, har iyakar gani, kawunan tsaunuka sun ɓullo daga cikinsa nan da can. Yana motsi a hankali, yana tudu yana kwari. Shaho biyu suka zo ta arewa, ba sa ko kaɗa fiffike, iskar da ke bugun gaɓar ta ɗauke su suka wuce daidai fuskarsu.

Ta zuba wa Boubacar shayi, ya riƙe bai sha ba.

"Akwai wani wuri bayan an wuce garin Fashi," ya ce a hankali, yana neman kalmomin. "Idan ka hau tudun rairayi da safe, haka yake. Sai dai can ja ne. Na zaci ba zan sake ganin irinsa ba sai a mafarki." Ya kurɓi shayin. "Mu muna bisa gajimare ke nan, Hajjo?"

"Muna bisansa."

"Allah mai iko."

Ya tambaye ta ina Washington take, ta nuna masa. Ya tambayi ina ta ɓata a waccan shekarar, ta juya ta nuna masa tudun mai fararen duwatsu. Ya auna nisan da ido irin na direba, ya girgiza kai. Da rana ta ɗaga, ƙanƙarar ta fara narkewa tana zubowa daga rassa da ɗan ƙara kamar ana zuba tsaba a faranti, gajimaren ya yayyage, gonaki suka fara bayyana ta cikin ramukan. A hanyar dawowa, a wata kwana mai kaifi, ya ce mata ta rage giya tun kafin ta shiga, ba a tsakiya ba.

Bai warke ba, hannun bai dawo ba. Amma ya koma zuwa masallacin Juma'a, daga baya wani ɗan garinsu mai motocin kai kaya ya ba shi aikin amsa waya da tsara wa direbobi hanya, aikin da ya iya tun ba a koya masa ba. Sukan hau dutsen tare sau biyu ko uku a shekara. Hajjo ta kai wasu matan shagon, wasu suka ce sanyi ya yi yawa ba su ƙara ba, wasu suka koma da iyalansu.

A ƙarshen Maris na 2019 ɗoki ya sa suka yi sammakon shekara. A Washington itatuwa sun yi fure, mutane sun ajiye rigunan sanyi. Hairat ce ke tuƙi, ta zo hutu daga jami'a, tana jin Hausar iyayenta tana amsawa da Turanci. Da suka kai gindin hawan suka tarar an gitta ƙarfe an kulle hanya. Wani mutum a motar ɗaukar kaya ya tsaya ya ce musu sama har yanzu hunturu ne, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar, su ba shi 'yan makonni.

Suka ja baya zuwa wani fili a gefen wata gona inda ake ganin ganuwar dutsen sosai. Hajjo ta buɗe bayan mota ta fito da dambu da soyayyen nama. Inda suke rana tana da ɗumi, 'yan maruƙa suna tsalle a cikin sabuwar ciyawa. Can sama kuwa bakin dutsen fari ne, kuma iska tana kwasar dusar tana watsa ta cikin sarari, doguwa, kamar hayaƙi, ba a jin ƙararta ko kaɗan daga nan.

Hairat ta tambaya ko su juya, tunda ba a hawa.

"Ki bari mu ci abinci tukuna," in ji Boubacar. Ya gyara zama a bakin motar, ya karɓi kwanon da hannunsa na dama, fuskarsa tana sama.